Sa Gudu: Sharhi a kan Gudun Kiriku da Gaskiyar Motsi cikin Zane

Abu na farko da Kiriku ya yi a duniya, bayan ya yi magana daga cikin mahaifiyarsa, ya haifi kansa, ya kuma wanke jikinsa, shi ne gudu. Ya ji labarin cewa kawunsa, ƙaramin ƙanen uwarsa, ya kama hanya zai je ya yaƙi Karaba mayya, sai ya zabura ya bi sawunsa, ya kuwa cim masa tun bai yi nisa ba. Fim ɗin Michel Ocelot, Kirikou et la sorcière, ya fito a Faransa cikin watan Disamba na 1998, ya ci babbar kyautar bikin Annecy a 1999, daga nan ya shiga gidaje da azuzuwa masu yawa a ƙasashen da ake karatu da Faransanci. An yi sharhi mai yawa a kan labarinsa, da kiɗan Youssou N'Dour, da tsiraicin mutanen ƙauyen da ya tayar da ƙura a wasu ƙasashe. Gudun yaron ne ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali kuwa a kansa fim ɗin ya dogara.

Gudun nan, in za a auna shi da ma'aunin likita, ƙarya ce tsagwaronta. Jariri yakan kai wajen shekara guda kafin ya ɗaga ƙafa ya taka, kansa ya yi wa jikinsa nauyi, ƙafafunsa gajeru ne. Duk da haka mai kallo ba ya musu. To ga wani fim kuma, The Polar Express na Robert Zemeckis, wanda ya fito a Amurka a 2004: an maƙala wa Tom Hanks alamomi a jiki, kyamarori suka naɗi motsinsa gaɓa-gaɓa, aka zuba shi cikin mutanen da kwamfuta ta ƙera, har da yaron da ke tsakiyar labarin. Motsin mutum ne na haƙiƙa, amma masu sharhi da dama suka ce mutanen fim ɗin sun yi kama da gawarwakin da aka tayar. Ɗaya ya yi ƙarya an gaskata shi, ɗaya ya faɗi gaskiya an ƙaryata shi. Wanda duk ke son koyar da zane mai motsi, ko ya kafa ƙungiyar matasa masu yin sa, dole ya san daga ina wannan saɓani ya taso.

A wurin masu sana'ar, zagayen gudu jerin zane-zane ne ƴan kaɗan waɗanda na ƙarshensu ke komawa ya haɗu da na farko, kamar ƴaƴan tasbaha, ta yadda za a iya juya su ba iyaka. Fim yana nuna hoto 24 cikin kowane sakan. Tafiyar mutum mai kuzari takan ci hoto 12 a taku ɗaya. Sassarfa takan ci 8. Gudu sosai 6. Gudun ceton rai kuwa 4. Richard Williams ya tsara wannan lissafi a littafinsa na koyar da sana'ar wanda ya fito a 2001, kuma a kansa makarantu da yawa suke koyarwa. Zagaye cikakke taku biyu ne, na dama da na hagu. Ke nan sassarfa tana buƙatar hoto 16, in kuma aka bar kowane zane ya tsaya tsawon hoto biyu, kamar yadda masu tsimin aiki ke yi, zane 8 sun wadatar. Da waɗannan takwas ɗin mutum zai iya gudu daga Maraɗi har Tawa, muddin ana jan zanen daji ta bayansa. Kamfanin Hanna-Barbera ya ci abinci da wannan dabara a talabijin cikin shekarun 1960, inda mai gudu kan wuce taga ɗaya da kujera ɗaya sau biyar a ɗaki guda.

Kowane taku yana da matsayi huɗu. Akwai dira, lokacin da ƙafar gaba ta taɓa ƙasa. Akwai lotsawa, inda gwiwa ke lanƙwashewa jiki ya yi ƙasa. Sai tunkuɗa, inda ƙafar ke miƙewa ta ture ƙasa ta baya. Sai shawagi, wanda shi ne ya raba gudu da tafiya, domin mai tafiya koyaushe yana da ƙafa ɗaya a ƙasa, mai gudu kuwa akwai ɗan lokacin da ba ya taɓa komai. Hannun dama yana tafiya tare da ƙafar hagu, kafaɗu suna murɗawa saɓanin ƙugu, ƙirji yana karkata gaba gwargwadon sauri. Ɗalibi sabon shiga yakan kashe ƙarfinsa a kan shawagi, saboda shi ne mai kyawun gani. Gwani ya san asirin yana wajen lotsawa. A daidai nan ƙasa ke mayar wa mai gudu ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, kuma in zane bai nuna wannan ba, mutumin zai zama kamar ledar da iska ta ɗauka. Aibi na biyu da ido ke saurin kamawa shi ne santsin ƙafa: in saurin zanen baya bai dace da tsawon taku ba, tafin ƙafa sai ya riƙa zamewa, kamar mai gudu bisa daɓen da aka zuba wa ruwan kuɓewa.

Duk wannan sani bai daɗe a hannun ɗan Adam ba. Mutanen da suka tashi suna kallon sukuwa a ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla sun san doki ciki da bai, amma ko su ba za su iya faɗin inda kowace ƙafa take a tsakiyar sukuwa ba, don ido ba ya riskar sa. Masu zanen Turai sun daɗe suna zana doki a sama, ƙafafun gaba miƙe gaba, na baya miƙe baya. Haka Géricault ya zana tseren Epsom a 1821. A watan Yuni na 1878, a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto ta Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanya, doki ya wuce a guje, kowace ta ɗauki nata hoto. Aka ga lalle akwai lokacin da ƙafafu huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin suna naɗe ne ƙarƙashin ciki. A Faransa kuma, cikin shekarun 1880, Étienne-Jules Marey ya riƙa sanya wa mutum baƙaƙen tufafi masu fararen layuka a hannu da ƙafa, yana ɗaukar sa a guje, sai hoton ya fito layuka zalla. Wannan shi ne kakan na'urar da aka naɗi motsin Tom Hanks da ita.

Abin sha'awa, tun a wancan zamani aka samu mai jayayya. Rodin, masassaƙin nan, a hirarrakinsa da aka buga a 1911, ya kare Géricault, yana mai cewa mai zane ne ke da gaskiya, hoto ne maƙaryaci, tun da a rayuwa lokaci ba ya tsayawa cik. Bai yi daidai ba game da ƙafar doki. Game da idon mai kallo kuwa, tarihin zane mai motsi ya mara masa baya. Max Fleischer ya ƙirƙiro na'urar rotoskof, ya samu takardar mallakarta a 1917: a ɗauki mutum a fim, a haska hoton bisa gilashi, a kwafe shi da alƙalami ɗaya bayan ɗaya. Jordan Mechner ya yi irin wannan da ƙanensa, ya ɗauke shi yana gudu yana tsalle, ya mayar da shi jarumin wasan kwamfuta Prince of Persia a 1989, aka kuma yaba. Sai dai masu aikin Disney da suka yi amfani da hotunan ƴan wasa wajen fim ɗin Snow White na 1937 sun lura cewa in aka kwafe hoto sak, zanen yakan fito sanyi ƙalau, ba nauyi ba rai. Dalili kuwa, layin alƙalami ya zubar da inuwa da tsoka da rawar fata, waɗanda su ne ke sanar da ido nauyi a hoton gaske. Abin da aka rasa ta nan sai an biya shi ta wani wajen, a ƙara zurfin lotsawa, a ƙara tsawon miƙewa, a rage hoto a inda motsi ke da zafi.

Norman McLaren na hukumar fim ta Kanada ya koyar da cewa abin da ke faruwa tsakanin hoto da hoto ya fi abin da ke kan kowane hoto muhimmanci. Wannan koyarwa ba baƙuwa ba ce a Nijar. A wurinsa Mustafa Alasan ya ga aikin a Montreal cikin shekarun 1960, da taimakon Jean Rouch, ya kuma yi La Mort de Gandji a 1965 da Bon voyage, Sim a 1966. Kwaɗin Sim layuka ne ƴan kaɗan baƙi bisa fari, motsinsu maimaici ne a fili, amma da yake abin da ake yi wa ba'a shi ne bukin tarbar shugabanni, wanda shi kansa maimaici ne, sai ƙarancin zane ya zama makamin zambo.

A nan ya kamata a koma ga Kiriku. Hausawa na cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma Ocelot, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Konakiri ta ƙasar Gini, ya gina fim ɗinsa kamar ya san karin maganar. Babu gudun Kiriku da ba shi da sa gudu. Ya bi kawunsa don kada ya mutu shi kaɗai. Ya bi kwalekwalen tsafi da ya kwashe yara. Ya ruga ya ceto su daga itacen da ya kama su. Kafin ƙafarsa ta motsa, mai kallo ya riga ya san abin da za a rasa in ya makara, saboda haka ido yana tura shi gaba, ba ya tsayawa ƙidayar gaɓoɓi. Daɗin daɗawa, an kewaye shi da masu nauyin jiki. Matan ƙauye suna tafiya a natse, dattijon ƙauye yana zaune yana gunaguni, Karaba tana tsaye ƙyam kamar gunki saboda ƙayar da ke soke a gadon bayanta, gumakanta na itace suna motsi a sandare. Cikin wannan duniya mai sanyin jiki, ɗan mitsitsin abu mai gilmawa shi kaɗai ne mai rai sosai. Ocelot ya ce ya ɗauko tsayuwar mutanensa daga zanen Masar ta dā, shi ya sa ake yawan ganinsu ta gefe, kuma ta gefe ne zagayen gudu ya fi sauƙin zanawa ya fi kuma saurin karantuwa. Talaucin kuɗin fim ɗin, wanda aka raba aikin zanensa tsakanin Riga ta Latbiya da Budapest ta Hangari, ya haɗu da salon da ya dace da shi.

Amma yabo yana da iyaka. Gudun Kiriku alama ce ta halinsa, kamar yadda wayo yake alamar Gizo. Ba gudun jiki mai jini da numfashi ba ne. Saurinsa baiwa ce da ya zo da ita, ba ya sayen ta da wahala, ƙasar da yake takawa kuma ba ta cika canza masa taku ba. A tatsuniya wannan halal ne. Kuskuren shi ne a ɗauke shi a matsayin abin koyi ga wanda ke son zana mutum na yau da kullum. Mai neman wannan ya dubi Tonari no Totoro na Hayao Miyazaki, na 1988, wurin da Satsuki ke neman ƙanwarta Mei da ta ɓata, rana tana faɗuwa. Yarinyar tana gudu, ta tsaya tana haki, ta tambayi mutane a hanya, ta sake zabura da ƙafafun da suka riga suka gaji. Zagayen yana nan, amma ana fasa shi a kai a kai, kuma a wuraren fasawar ne tsoron yarinyar yake fitowa. Zagaye tubali ne. Wanda ya jera tubali iri ɗaya tun daga tushe har sama ya yi katanga, bai yi ɗaki ba.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce gardamar masu kallon fim shi ne sauyin da kayan aiki suka samu. Manhajar Blender ta zama kyauta ga kowa tun 2002. Rumbuna irin su Mixamo, wanda kamfanin Adobe ya saya a 2015, suna ba da zagayen gudu naɗaɗɗe: matashi a Yamai ko Damagaram zai ƙera mutum a kwamfuta, ya sa masa riga da hula, ya latsa, cikin ƴan mintoci mutumin ya kama gudu ba tare da an zana ko taku ɗaya ba. Wannan alheri ne ga wanda ba shi da ma'aikata ashirin. Sai dai gudun na wani ne. An naɗe shi daga jikin ɗan wasa cikin ɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓe, sanye da matsattsun tufafi, ba kaya a kansa, ba rana, ba abin da ke korar sa. In aka zuba wannan motsi cikin jikin Bahaushen ƙauye, abin da zai fito shi ne baƙo sanye da rigar aro. Mai kallo a Tasawa ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma zai yi dariya a inda aka so ya ji tsoro.

Harshen kansa ya riga ya rarrabe abin da rumbun ya cakuɗa. Sassarfa daban, zabura daban. Wanda ya ruga ba kamar wanda ya sheƙa ba ne, wanda ya arce yana da laifi a bayansa, wanda ya bazama bai san inda ya nufa ba. Akwai wanda ya ranta a na kare, akwai wanda ya cika wandonsa da iska, akwai gudun yada ƙanen wani. Kowace kalma tana ɗauke da karkatar ƙirji, da faɗin taku, da ko ana waiwaye ko ba a yi. Malamin Hausa da malamin zane suna da darasi guda a nan, in sun yarda su haɗa aji.

Sai kuma ƙasa da ƙafa. Masana a jami'ar Louvain ta Beljiyam sun auna a 1998 cewa gudu bisa rairayi yana cin ƙarfi ninki 1.6 na gudu bisa ƙasa mai tauri, domin yashi yana janyewa ƙarƙashin ƙafa a daidai lokacin tunkuɗa. A zane, ma'anar wannan ita ce shawagi ya gajarta, tafin ƙafa ya nutse ya ɗan zame baya. Wato santsin da littafi ya hana, a kan tudun yashi shi ne gaskiya, in an san gwargwadonsa. Game da dira kuma, Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya nuna a 2010 cewa masu gudun da suka saba da tafiya ba takalmi, cikinsu har da ƴan Kenya, sukan sauka a kan gaban tafin ƙafa, masu takalmi mai kauri kuwa a kan diddige. Bayan shekara uku Kevin Hatala da abokan aikinsa suka gwada mutanen Daasanach na arewacin Kenya, su ma marasa takalmi, suka tarar yawancinsu a kan diddige suke sauka in ba sauri suke yi ba. Ashe ko a ƙasa ɗaya babu dira guda da za a kira ta Afirka. Wanda ke son sanin yadda yaron Gobir ke taka ƙasa, sai ya fita ya dube shi, ya ga ma yadda yake tuɓe silifa ya zura su a hannu kafin ya sheƙa.

Haka Mustafa Alasan ya yi, a garin Tawa inda ya zauna ya kafa wurin aikinsa har kusa da rasuwarsa a 2015. Ƴan tsanan Kokoa kwaɗi ne da hawainiya da tsuntsu, motsinsu yana da gargada, ba wanda zai ce sumul yake. Amma kewaye-kewayen da ƴan kokowa ke yi kafin su kama juna, da sunkuyawa, da taƙamar shiga fili, duk daga dandalin kokowa aka ɗebo su, kuma ɗan Nijar yana gane su tun kafin a faɗa masa. Bai samu wannan a rumbun kowa ba.

Kayan da ake buƙata don irin wannan kallo suna cikin aljihu. Wayar hannu tana ɗaukar hoto 30 a sakan, wasu ma 120 ko fiye in an sa su a hankali, abin da Muybridge ya jera kyamarori 12 yana nema. Ƙungiyar al'adu ko ajin kwaleji za su iya ɗaukar mutum ɗaya yana gudu a filin ƙwallo, a kan yashi, da cikin babbar riga wadda ya tattare bisa kafaɗa yana dafe da hula, sannan a zana taku biyu na kowane a kusurwar littafin rubutu, a karkaɗa shafukan da babban yatsa. Gwajin da ya fi kowane wuya shi ne na ƴar talla da hadari ya taso mata, tana son kai faranti gida kafin ruwa ya sauko. Ƙa'idar littafi ta ce kan mai gudu yana hawa yana sauka, hannaye biyu suna kai da komo, ƙafafu suna barin ƙasa. Ita kuwa kanta yana tafiya a kan layi ɗaya miƙaƙƙe saboda abin da ke bisa gammo, gwiwoyinta da ƙugunta ne ke shanye hawa da saukar. Hannu ɗaya yana riƙe da bakin faranti, ɗayan ya kama gefen zane. Zanen ya hana ta buɗe taku, sai ta biya da yawansa, shawagin kuma ya ragu har ya kusa ɓacewa, hoto ɗaya tak cikin shida, wani lokaci ma babu.